Ɗakin Karatun Haruki Murakami da ke Jami'ar Waseda a Tokyo: Abin da Ake Gani da Abin da Sai an Tono

A ranar 1 ga Oktoban 2021 Jami'ar Waseda da ke birnin Tokyo ta buɗe wani gini da ta raɗa wa suna Gidan Adabin Ƙasa da Ƙasa na Waseda, sai dai kusan babu mai wahalar da bakinsa da wannan dogon suna, domin kowa ya fi saninsa da Ɗakin Karatun Haruki Murakami. Shiga kyauta ce, kuma ba lallai sai mutum ɗalibin jami'ar ne ba. Abin da ake zuwa gani shi ne rayuwar yau da kullum ta marubucin ƙagaggun labaran da yake cikin marubutan Japan masu rai da suka fi yawan masu karatu a wajen ƙasarsu, wato littattafansa da fassarorinsu, da faya-fayan garmaho da ya kwashe shekaru yana tarawa, da kwaikwayon ɗakin da yake rubutu, da wasu kayayyakin gidan kiɗan da ya taɓa buɗewa da sunan kyanwarsa. A ganina wuri ne da ya cancanci mai sha'awar rubutu ya ware masa rabin yini, domin ya ƙware wajen nuna abin da mutumin yake saurare da yanayin da yake aiki a ciki. Amma ɓangaren da ya fi nauyi a tunaninsa, wato tarihin yaƙi da masifun da suka auka wa Japan, baƙo ba zai same shi a shimfiɗe ba, sai ya zauna ya buɗe littafi.

An haifi Murakami a Kyoto ranar 12 ga Janairun 1949, ya girma a yankin Kobe, ya shiga Waseda a 1968 ya karanci wasan kwaikwayo, bai kuwa kammala ba sai 1975, saboda a tsakanin nan ya yi aure ya kuma kama sana'a. A watan Nuwamban 2018 ya kira taron manema labarai, abin da ya shafe shekara 37 bai yi ba a Japan, ya bayyana cewa zai damƙa wa tsohuwar jami'arsa takardunsa da littattafansa da faya-fayansa. Dalilin da ya bayar mai sauƙi ne: ba shi da 'ya'ya, kayan sun yi masa yawa a gida da ofis, kuma ba ya son su tarwatse bayan ransa. Kuɗin gyaran ginin, kimanin yen biliyan 1.2, Tadashi Yanai ne ya bayar, mai kamfanin tufafi na Uniqlo, wanda shi ma tsohon ɗalibin Waseda ne. Lokacin buɗewa Murakami ya faɗa cikin raha cewa da ya fi son a gina irin wannan wuri bayan mutuwarsa, domin ganinsa da ransa yana sa shi ɗari-ɗari. Wannan magana tana da amfani ga mai ziyara, domin tana bayyana wani abu da ake ji a cikin ginin: wurin tunawa ne da mutumin da har yanzu yake tashi da asuba yana rubutu, saboda haka yawancin rayuwarsa tana can gidansa, abin da aka kawo nan kuwa abin da ya yarda ya rabu da shi ne.

Ginin tsohon ginin ajujuwa ne mai lamba 4, wanda fitaccen mai zanen gine-gine Kengo Kuma ya sake wa fasali, shi ne kuma ya zana babban filin wasan da aka yi gasar Olympics ta Tokyo a cikinsa. An shafe ginin da farin fenti, aka ɗora masa wata rumfa ta siraran katako da ke lanƙwashewa daga bakin ƙofa ta bi gefen bango tana tashi tana sauka. Yana maƙwabtaka da gidan tarihin wasan kwaikwayo na Tsubouchi, wanda aka gina a 1928, inda Murakami ya ce ya ɓata lokaci mai yawa yana ɗalibi yana karanta rubutattun labaran finafinai maimakon zama a aji. Zaɓen wannan gini ya dace, kuma wanda ya zo har nan bai leƙa maƙwabcin ba ya yi wa kansa ƙwauro, tunda taku kaɗan ne tsakaninsu.

Da shiga ƙofa abin da zai tare ido shi ne matakalar da ke gangarawa zuwa ƙarƙashin ƙasa. An yi ta da katako mai launin zuma, an rufa mata baka a sama, bangonta na dama da na hagu kuma duk kantocin littattafai ne tun daga ƙasa har inda hannu ba ya kaiwa. Tsakiyarta an yi matakai masu faɗi waɗanda mutum zai zauna a kansu ya ɗauko littafi ya karanta, masu wucewa suna bi ta gefe. Kengo Kuma ya ce rami ko hanyar ƙarƙashin ƙasa yake nufi, saboda a labaran Murakami sau da yawa mutum yana cikin harkarsa ta kullum sai ya faɗa rijiya ko wata kafa ya tsinci kansa a wata duniya daban. Littattafan da ke kantocin ba nasa ba ne kaɗai, an jera na wasu marubuta bisa jigogin da suka danganci ayyukansa, ta yadda mai lalube zai tashi daga abin da ya sani ya faɗa wa abin da bai taɓa ji ba. Ita ce abin da aka fi ɗauka hoto a ginin, kuma wannan farin jini nata shi ne cikas ɗinta, domin a lokacin da mutane suka yi yawa mai karatu a kan matakala yakan ji kamar ya tare wa masu waya hanya. Wanda ya isa da safe, jim kaɗan bayan buɗewa, shi ne yake morar wurin yadda aka tsara shi.

A hawa na farko akwai zauren da aka tara littattafansa kimanin 3,000, na Japananci da fassarori cikin harsuna sama da 50, tare da jadawalin ayyukansa shekara bi shekara tun daga 1979. Ba a fita da littafi, a nan ake karantawa, kuma an tanadi kujeru masu daɗin zama. Abin sha'awa a nan shi ne kwatanta bangon littafi guda a ƙasashe daban-daban, yadda Faransawa suka ga labarin, yadda Koriyawa suka gan shi, yadda Larabawa suka gan shi, wani bangon da kyanwa, wani da tsuntsu, wani babu komai sai launi ɗaya. Mai jin Larabci ko Turanci ko Faransanci zai sami abin karantawa. Na duba ban ga fassarar Hausa ba, ban kuma yi mamaki ba. Jadawalin yana tuna wa mutum wani abu da ake yawan mantawa, wato Murakami mafassari ne mai yawan aiki, wanda ya mayar da ayyukan marubutan Amurka irin su Scott Fitzgerald da Raymond Carver da Raymond Chandler da J. D. Salinger zuwa Japananci. Ya sha faɗa cewa idan ba ya rubuta nasa labarin, fassara yake yi don hannunsa kada ya yi sanyi. Ganin jerin a bango yana gamsar da mutum fiye da jin labari, domin da wuya a sami shekarar da ta wuce fayau.

Ɗakin saurare, wanda shi ma yake a hawa na farko, shi ne wurin da na fi ba maki. Ɗaki ne madaidaici mai labule da kujeru, da garmaho da manyan lasifikoki, da faya-fayai jere a jikin bango waɗanda suka fito daga taskar marubucin. An ce tarinsa ya haura faifai 10,000, galibi na jaz da kiɗan gargajiyar Turai, kuma wani kaso ne kawai aka fito da shi nan. Idan aka matsa kusa za a ga kwalayen wasu sun tsufa, gefensu ya ɗan goge, tsakiyarsu ta yi zoben da faifai yake bari idan an daɗe ana zaro shi ana mayarwa. Waɗannan kayan aiki ne da aka mora, kuma hakan ya bambanta su da kayan da ake saye don a cika gidan tarihi. Sautin yana da kauri da ɗumi, ana jin numfashin mai busa da saukar yatsa a kan tsirkiya, ba a kuma ƙure shi har ya hana tunani. Mutane suna shigowa su zauna shiru, wasu da littafi, wasu idonsu a rufe, babu mai korar kowa.

Wannan ɗaki yana da hujjar zamansa a ɗakin karatu, saboda Murakami ya sha nanata cewa bai koyi rubutu a wurin wani malami ba, a kiɗa ya koya. Abubuwan da yake lissafawa su ne kari, wato bugun da ke sa mai karatu ya ci gaba daga jimla zuwa jimla ba tare da ya gaji ba, sai daɗin sauti, sai jituwar muryoyi, sannan ƙirƙira nan take yadda makaɗan jaz suke yi, inda mai busa zai kama hanya bai san ƙarshenta ba amma bai saki karin ba. Ya ce haka yake fara labari, ba tare da ya tsara ƙarshensa ba. Mafarin abin kuwa a 1964 ne, yana ɗan shekara 15, lokacin da ya kalli makaɗin ganga Art Blakey da ƙungiyarsa a Kobe. Mai karatu Bahaushe zai so ya san cewa wannan Blakey, baƙar fatar Amurka ne da ya karɓi Musulunci a ƙarshen shekarun 1940 ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, ya kuma ce ya yi zama a Afirka ta Yamma a wancan lokaci. Ko mutum ya yarda da wannan hanya ta rubutu ko bai yarda ba, kuma akwai masu sukar da suke ganin ita ce take sa wasu dogayen labaransa su ƙare da zare a sake, zama na ɗan lokaci a ɗakin nan yana sa a fahimci daga inda tafiyar jimlolinsa ta fito. Abin da na so a ƙara shi ne bayanin da zai haɗa faifan da ke juyawa da shafin da aka ambace shi, domin kusan kowane littafinsa cike yake da sunayen waƙoƙi, har wanda ya fi sa shi shahara a 1987 sunan wata waƙar ƙungiyar mawaƙan Beatles yake ɗauke da shi. Wanda ya riga ya karanta zai haɗa da kansa, baƙon da bai karanta ba kuwa zai ji daɗin kiɗa ya fita.

A ƙarƙashin ƙasa aka kwaikwayi ɗakin rubutunsa: tebur mai faɗi, kujera, kwamfuta, kujerar hutawa, kayan sauti, da bango guda na faya-fayai. Wurin kallo ne, ba na zama ba. An yi shi da kyau, amma a nan ne na fi jin iyakar abin da gini zai iya nunawa, domin abin da ya sa wannan mutum ya zama abin koyi ga marubuta tsarin yininsa ne, shi kuwa ba ya zama a kan tebur. Ya bayyana shi a hirarraki da maƙaloli da dama: idan yana kan rubuta dogon labari yakan tashi ƙarfe huɗu na asuba, ya yi aiki awa biyar zuwa shida, da rana ya yi gudun kilomita 10 ko ninƙayar mita 1,500, ya yi karatu ya saurari kiɗa, ƙarfe tara na dare ya kwanta, haka kullum na tsawon watanni ba tare da fashi ba. Yakan rubuta shafi goma na takardar Japan mai gurbin harafi 400, idan ya cika goma ya tsaya ko da hannu yana gudu, idan abin ya ƙi kuma ya daure sai ya cika, kamar manomin da ya yanka wa kansa adadin kunyoyin da zai nome kowace safiya. Gudun ma ya fara shi ne a 1982, yana da shekara 33, bayan ya bar sana'ar tsaye ya koma zaman tebur ya ga jiki yana nauyi, ya kuma bar taba wadda a da yake zuƙar kara 60 a rana. Matashin marubucin da ya tsaya gaban wannan ɗaki yana sha'awar kujera da lasifika ya kalli abin da kuɗi yake saye, alhali darasin da ke akwai ba ya cin ko sisi.

Tarihin fara rubutun nasa ma ba a irin wannan ɗaki ya faru ba. A watan Afrilun 1978 yana zaune a filin wasa na Jingu yana kallon wasan besbol tsakanin Yakult Swallows da Hiroshima Carp, wani Ba'amurke mai suna Dave Hilton ya bugi ƙwallo, a daidai wannan lokaci, in ji shi, ya ji a ransa cewa zai iya rubuta labari. Ya sayi alƙalami da takarda, ya riƙa rubutu a teburin kicin cikin dare bayan ya rufe shago. Da ya ga abin da ya rubuta bai yi masa ba, sai ya ɗauko tafireta ya sake rubuta farkon da Turancinsa mai ƙarancin kalmomi, sannan ya mayar da shi Japananci, ta haka ya sami gajerun jimloli marasa ado waɗanda aka san shi da su. Littafin ya ci gasar sababbin marubuta ta mujallar Gunzo a 1979.

Shagon da ake magana shi ne Peter Cat, gidan shan kofi da sauraren jaz wanda da dare ake sayar da giya, wanda shi da matarsa suka buɗe da bashi a Kokubunji a 1974, suka mayar da shi Sendagaya a 1977, suka sayar a 1981 lokacin da ya yanke shawarar rayuwa da rubutu kaɗai. Peter sunan wata kyanwa ce da ya tsinta yana ɗalibi. Babban piyanon da aka riƙa kaɗawa a shagon yana nan a ƙarƙashin ƙasa, kusa da wurin shan kofi mai suna Orange Cat wanda ɗaliban jami'ar suke gudanarwa. Kofin yana da kyau, wurin yana da haske duk da sunansa na ƙarƙashin ƙasa, kuma ganin ɗalibai suna haɗa kofi suna karɓar kuɗi ya dace da tarihin mutumin da ya yi shekara bakwai yana wanke kofuna yana yanka albasa kafin duniya ta san shi. Masu son kyanwa su sani cewa babu kyanwa mai rai a ginin, sai a suna da zane da shafukan littafi, inda take ɓacewa a farkon labari ta jawo mai gida cikin nema, ko ta yi magana da wani tsoho. A maƙalolinsa na yau da kullum ya rubuta yadda a zamanin talauci shi da matarsa suke rungumar kyanwoyi su kwana saboda ba su da abin ɗumama ɗaki.

Kyanwar da ta fi muhimmanci a rubutunsa kuwa ita ce take kai mu ga abin da ginin bai fito da shi fili ba. A 2019 ya wallafa wata doguwar maƙala a mujallar Bungei Shunju game da mahaifinsa, wadda ya buɗe da labarin ranar da shi da uban suka hau keke suka kai wata kyanwa bakin teku cikin kwali don su yar da ita, suka juyo gida, suna buɗe ƙofa sai ga ta ta riga su isowa tana tarbarsu da wutsiya a sama. Ya ce ya ga fuskar mahaifinsa ta tashi daga mamaki zuwa sha'awa, daga nan zuwa wani abu mai kama da samun sauƙi, suka ci gaba da riƙon kyanwar. Daga wannan ɗan labari ya shiga abin da ya daɗe yana gudu. Mahaifin, Chiaki Murakami, an haife shi a 1917, ɗan malamin addinin Buda ne a Kyoto, an ɗauke shi soja a 1938 aka tura shi ƙasar Sin. Kowace safiya kafin karin kumallo yakan durƙusa ya daɗe yana addu'a, da yaron ya tambaye shi don wa, sai ya ce don waɗanda suka mutu a yaƙi, abokansa da kuma Sinawan da suke abokan gaba. Sau ɗaya tak, yaron yana firamare, ya ba shi labarin yadda rundunarsu ta fille kan wani fursunan yaƙi Basine wanda ya zauna shiru bai nuna tsoro ba. Murakami ya ce wannan hoto ya zauna a ransa kamar gado. Ya kuma yi shekaru yana jin tsoron bincika takardun aikin sojan uban, don kada ya tarar yana cikin rundunar da ta shiga birnin Nanjing na ƙasar Sin a Disambar 1937, inda aka yi kisan kiyashi. Sai bayan rasuwar uban a 2008 ya bincika, ya gano cewa an ɗauke shi ne bayan faruwar abin, kuma a wata runduna ta sufuri. Su biyun sun yi sama da shekara 20 kusan ba sa magana, sai dab da rasuwar suka gana a asibiti.

Wanda ya san wannan zai gane dalilin da ya sa yaƙin Japan a nahiyar Asiya yake ɓullowa a tsakiyar labaran da a sama suke kama da na mutumin da ke dafa taliya yana jin rediyo. Babban misali shi ne yaƙin Nomonhan na 1939, a kan iyakar Mongoliya da Manchuriya, inda sojojin Tarayyar Sobiyet da na Mongoliya ƙarƙashin Georgy Zhukov suka ragargaza rundunar Japan, aka yi asarar dubban rayuka a kan wani fili na ciyawa, hukuma kuma ta rufe girman abin ga jama'arta. Murakami ya ci karo da littattafai a kan wannan yaƙi a ɗakin karatun Jami'ar Princeton lokacin da yake zaune a Amurka a farkon shekarun 1990, ya sa shi cikin dogon labarinsa na 1994 zuwa 1995, sannan a 1994 ya je wurin da ƙafarsa ya ga ragowar tankoki da kwanson harsasai suna tsatsa a fili. Sai kuma 1995, shekarar da girgizar ƙasa ta 17 ga Janairu ta kashe mutum sama da 6,000 a yankin Kobe inda ya girma, kuma ranar 20 ga Maris 'yan wata ƙungiyar addini mai suna Aum Shinrikyo suka saki iskar guba ta sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Ya koma gida a shekarar, ya ajiye ƙagaggen labari, ya bi mutum kimanin 60 daga cikin waɗanda harin ya shafa yana yi musu tambayoyi, ya fitar da maganganunsu a littafi a 1997, bayan haka ya yi hira da wasu mabiya ƙungiyar su ma.

Duk waɗannan littattafai suna kan kanta, babu wanda aka ɓoye, kuma akwai zauren baje koli a hawa na biyu wanda jigonsa yake canzawa lokaci zuwa lokaci, tare da ɗakin naɗar sauti da wurin taruka. Amma kayan dindindin na ginin, katako mai laushi da kofi da kiɗa, Murakami mai daɗin zama suke gabatarwa, wanda ake ji a shirinsa na gidan rediyon Tokyo FM tun daga 2018 yana sa faifai yana ba da labarin kyanwa. Wannan fuska tasa ce ta gaskiya, sai dai rabi ce. Mai ziyarar da bai taɓa karanta shi ba zai iya zagaye ginin kaf ya fita yana zaton marubucin nishaɗi ne kawai, bai san cewa mutumin ya sha suka daga masu ra'ayin riƙau a ƙasarsa saboda ya ce wajibi ne Japan ta ci gaba da neman afuwar maƙwabtan da ta zalunta ba. Kusurwa guda mai taswirar Nomonhan da hotunan tafiyarsa da bayanin 1995 za ta daidaita ma'aunin, kuma ba za ta rage wa wurin kyau ba.

Akwai wani tunani da ya riƙa zo mini game da namu marubutan. Muna da Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Mambayya a Kano, inda aka adana tarihin Sardauna da na Malam Aminu Kano, amma marubutan da suka cika kasuwannin Kano da littattafai tun daga shekarun 1980, da mawaƙan da muryoyinsu suke kan tsofaffin kaset, yawancin rubutun hannunsu da wasiƙunsu suna cikin akwatuna a gidajen iyalai, inda gara da damina suke yi musu aiki. Abin koyi a Waseda ya fi ƙarfin kuɗin Yanai: marubucin ne da kansa, da ransa da lafiyarsa, ya zauna da jami'a suka yi yarjejeniya a kan inda takardunsa za su koma.

Game da zuwa, tashar Waseda ta layin Tozai na jirgin ƙarƙashin ƙasa ita ce mafi sauƙi, daga nan tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, akwai kuma bas daga tashar Takadanobaba zuwa babbar ƙofar jami'ar. Ana buɗewa daga ƙarfe goma na safe zuwa biyar na yamma, galibi ana rufewa ranar Laraba da wasu ranakun hutun jami'a. A farkon buɗewa, saboda annobar korona, sai an yi rajista ta intanet ake shiga na tsawon minti 90, kuma tunda tsarin ya sha canzawa, ya kyautu a duba shafin gidan kafin a kama hanya. Hawa uku ne kawai na jama'a, na sama na masu bincike ne da ofisoshi, saboda haka wanda ya zo kallo kawai zai gama cikin awa ɗaya, wanda ya zo karatu da saurare kuwa yini ba zai ishe shi ba. Wurin bai dace da ƙananan yara masu guje-guje ba, ya fi dacewa da mai tafiya shi kaɗai ko mutum biyu. Shawarata ga wanda bai san marubucin ba ita ce ya karanta maƙalar nan ta mahaifinsa kafin ya je, ba ta da tsawo kuma an fassara ta zuwa Turanci a mujallar New Yorker a 2019. Musulmi ya tsaya a kan kofi ko shayi a Orange Cat, ya yi tambaya kafin ya ci wani abu kamar yadda ake yi ko'ina a Japan. Abincin halal yana samuwa a unguwar Shin-Okubo, tasha ɗaya daga Takadanobaba a layin Yamanote, don salla kuma ƙaramin jirgin Toden Arakawa da ke tashi daga Waseda yana bi ta Otsuka, inda akwai masallaci ba nisa da tashar.